Karatu ta intanet ga manya: ina ilimin yake, ina takardar take?

Shin digirin da mutum ya yi ta waya, yana zaune a gidansa a Ƙofar Sauri ko a Daura, daidai yake da na wanda ya shekara huɗu yana zirga-zirga zuwa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa? Tambayar ta daɗe tana yawo a ofisoshi da ɗakunan malamai, amma ta ƙara zafi tun watan Janairun 2024, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin jami'o'in Benin da Togo. Abin da ya jawo haka shi ne binciken jaridar Daily Nigerian, wadda wakilinta ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida ba tare da ya taka aji ba.

Tun daga nan wasu suka yi wa abin kuɗin goro, suka ce duk karatun da ba a zauna gaban malami ba na bogi ne. Wasu kuma suna can ɗaya gefen, suna ganin duk satifiket ɗin da ya fito daga intanet zai kai su ga ƙarin girma a wurin aiki. Na farko sun rufe wa kansu ƙofar da ke buɗe, na biyu kuma su ne ake cinye wa kuɗi.

Abu uku ake kira da suna ɗaya

Idan Bakatsine ya ce "ina karatu ta intanet", yana iya nufin ɗaya daga cikin abubuwa uku da ba su da haɗi sai ta waya.

Na farko shi ne karatu daga nesa a makarantar da hukuma ta ba lasisi. Ɗalibi yana da lambar shiga, yana biyan kuɗin makaranta, yana rubuta jarrabawa ana sa masa ido, a ƙarshe a ba shi digiri ko NCE ko babbar difloma. Intanet a nan hanyar isar da darasi ce kawai. Darajar takardar tana wurin makarantar da ta buga hatiminta.

Na biyu shi ne gajerun kwasa-kwasai na shafuka irin su Coursera, edX, Alison da Khan Academy, da darussan YouTube. Akwai ilimi na gaske a cikinsu, wani lokaci daga manyan jami'o'in duniya, amma takardar da ake samu shaidar kammala kwas ce, ba digiri ba ce.

Na uku shi ne ilimin manya na asali, wato yaƙi da jahilci: koya wa magidanci ko matar aure karatu da rubutu da lissafi tun daga baƙi da wasali. Wannan ne aka fi bukata a ƙauyukanmu, kuma shi ne intanet ta fi gazawa a kansa.

Akwai kuma karatun ƙarshen mako da na lokacin hutu da kwalejoji da jami'o'i ke yi wa ma'aikata. Wannan zaman aji ne da aka sauya wa lokaci, ba ya cikin ukun nan.

Ba intanet ce ta fara kawo shi ba

Tun zamanin Turawa akwai ma'aikatan da suka yi karatu ta gidan waya: a aiko musu darasi daga makarantu irin su Wolsey Hall da Rapid Results College na Ingila, su amsa tambayoyi su mayar a ambulan. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta yi gangamin yaƙi da jahilci, kuma ɗan Katsina, Malam Ahmadu Coomassie, yana cikin manyan jami'an da suka ja ragamarsa. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, an kafa ta a Kaduna a 1976 domin horar da malamai suna kan aikinsu. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, an kafa ta a 1983 zamanin Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002. Abin da waya ta sauya shi ne sauri da sauƙin isar darasi. Tsarin kansa ya girmi yawancin masu shakkarsa.

Wa ke da izinin ba da digiri daga nesa?

Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ke ba da wannan izini, kuma izinin hawa uku ne. Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Sai jami'ar kanta ta kasance mai lasisi. Sai ta samu izini na daban na buɗe cibiyar karatu daga nesa. Sannan sai kwas ɗin da mutum yake so ya kasance cikin waɗanda aka amince ta koyar ta wannan hanya. Jami'a tana iya zama sananniya, mai daɗaɗɗen tarihi, amma ba ta da izinin koyar da wani kwas daga nesa. Wanda ya duba hawa na farko kaɗai bai gama bincike ba.

Ga mazaunin Katsina, ƙofofin da suka fi kusa su ne NOUN, wadda ke da cibiyar karatu a cikin birnin Katsina. Sai Cibiyar Karatu Daga Nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, mai kwasa-kwasai irin su harkokin kasuwanci, sha'anin mulki, tattalin arziki, aikin jinya da babbar diflomar koyarwa. Da NTI ga malaman makaranta masu neman NCE ko diflomar koyarwa. Jami'ar Maiduguri da ta Abuja da ta Ibadan su ma suna da irin wannan cibiya. A 2023 kuma an ba wasu jami'o'in karatu daga nesa masu zaman kansu lasisi, cikinsu har da Miva da ke Abuja da Iconic da ke Sakkwato.

Binciken ba ya cin minti goma. A shiga shafin NUC a duba jerin jami'o'i da jerin cibiyoyin karatu daga nesa. A tabbatar adireshin shafin makarantar ya ƙare da edu.ng. A lura da inda ake biyan kuɗi: makarantun gwamnatin tarayya suna karɓa ne ta Remita, wato tsarin biyan kuɗi ta intanet, da lambar biya da ɗalibi zai ciro da sunansa. Duk wanda ya ce a tura kuɗin makaranta asusunsa na kansa, ko ya ce babu jarrabawa, ko ya yi alkawarin digiri cikin shekara ɗaya ga mai takardar sakandare, to a rabu da shi tun da wuri. Haka wanda ya ce zai yi maka likitanci ta intanet. Digirin aikin jinya da ake yi daga nesa ma na waɗanda suka riga suka zama ma'aikatan jinya masu rajista ne, ba na sabon shiga ba.

Idan makarantar ta ƙasar waje ce, akwai ƙarin mataki: sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardar kafin ta yi aiki a ma'aikatar gwamnati. Wannan tambaya ce da ake yi kafin a biya ko sisi, ba bayan an gama ba.

Yadda karatun ke tafiya, da inda ake tuntuɓe

A ɗauki NOUN misali, tunda ita mutanenmu suka fi shiga. Ba ta neman sakamakon jarrabawar JAMB kafin ta ɗauki ɗalibi, amma tana neman kiredit biyar na sakandare har da Ingilishi da Lissafi, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Mai NCE ko difloma ta ƙasa a fannin da ya dace yana iya farawa daga aji biyu. Wanda ba shi da kiredit ɗin, hanyarsa ita ce jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO ko NABTEB, kuma gara ya fara da ita maimakon ya shiga da fatan zai gyara daga baya, domin ranar karɓar digiri za a nemi takardar.

Matsala ta farko tana faruwa ne tun a shagon kafe, ranar cike fom. Mutum ya zauna gefen yaron shago, an zo wurin imel, ya ce ba ya tuna kalmar sirrinsa. Yaron ya ce, "Alhaji bar shi kawai, bari in sa nawa." An wuce wurin cikin daƙiƙa biyar. Bayan wata shida kalmar sirrin shafin ɗalibi ta ɓace, saƙon sabuntawa yana tafiya imel ɗin wani yaro da ya bar shagon. Haka batun suna: a takardar sakandare an rubuta Muhammad, a katin ɗan ƙasa Mohammed, a fom kuma an sa sunan mahaifi a gurbin sunan yanka. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ne ba. Gyaran irin wannan yana cin watanni da takardar rantsuwa ta kotu. Don haka imel da lambar waya su zama na ɗalibi, ya rubuta kalmar sirri a littafi ya ajiye a gida, ya kuma karanta sunansa harafi bayan harafi kafin a tura fom.

Matsala ta biyu ita ce rajista. A kowane zangon karatu rajista uku ce: ta zangon kansa, ta kwasa-kwasai, da ta jarrabawa, kowace da kuɗinta, ana cire su daga kuɗin da ɗalibi ya zuba a asusunsa na shafin makaranta. Da yawa sukan yi biyun farko su ɗauka sun gama, sai ranar jarrabawa su tarar babu sunansu. Takardar rajistar jarrabawa a buga ta, a kai cibiya a sa mata hatimi, a riƙe ta.

Ta uku ita ce aikin gida da ɗalibai ke kira TMA. Guda uku ne a kowane kwas, ana amsa su a shafin ɗalibi, kuma su ne ke ɗauke da maki 30 cikin 100. Jarrabawa tana da 70. Ana buɗe su a rufe a kan lokaci, babu malamin da zai biyo ka ya tuna maka. Wanda ya bari suka wuce ya shiga jarrabawa da maki 70 kaɗai a gabansa. Akwai kuma masu sayen amsoshin a zaurukan WhatsApp. Suna samun makin, amma sun yi asarar abu ɗaya da zai nuna musu tun da wuri ko sun fahimci littafin ko ba su fahimta ba, kuma sakamakon yana fitowa a ɗakin jarrabawa.

Jarrabawar kanta galibi a cibiya ake yin ta, da katin shaida da masu sa ido. 'Yan aji ɗaya da biyu a kwamfuta suke yi, daga aji uku zuwa sama kuma akasari da biro da takarda. Wannan yana da ma'ana biyu. Dattijon da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya nemi inda zai saba da shi makonni kafin ranar, domin iya latsa waya daban ne da iya amsa tambayoyi a kwamfuta agogo yana tafiya. Sannan wanda ke Daura ko Mai'aduwa ko Baure ya sa kuɗin mota a lissafinsa: daga Daura zuwa Katsina kusan kilomita 80 ne, kuma jarrabawa tana iya warwatsuwa cikin makonni, yau takarda ɗaya, jibi wata.

Littattafan kwasa-kwasan NOUN suna nan kyauta a shafinta, kowa yana iya saukewa ko da ba ɗalibi ba ne. Shawarar da ta fi kowace amfani ga mai niyya ita ce ya sauke littafi ɗaya na aji ɗaya a fannin da yake so, ya ba kansa mako biyu yana karanta awa ɗaya kullum bayan sallar asuba ko bayan isha'i. Idan ya iya riƙe wannan da kansa, zai iya karatun. Idan ya kasa, ya gano gaskiya bai kashe ko kwabo ba. Abin da ke kayar da manya a wannan tsari ba ƙarancin basira ba ne. Ɗaukar kwas takwas ko tara a zango ɗaya ne, ga aiki, ga iyali, ga biki da ta'aziyya, alhali tsarin ya yarda mutum ya ɗauki kaɗan ya tafi a hankali.

Batun bautar ƙasa

Hukumar NYSC tana ba da takardu iri biyu ga wanda ba zai je sansani ba. Wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama digiri yana samun takardar yafewa. Wanda ya yi karatun wucin gadi ko na nesa kuma yakan samu wasiƙar da ke nuna cewa tsarin karatunsa ba ya cikin waɗanda ake turawa. A 2018 an yi wa dokar NOUN gyara domin daidaita matsayinta da sauran jami'o'i. Ga ma'aikaci mai shekara 40 da ke neman ƙarin girma, wannan batu ba ya hana shi barci. Ga matashi ɗan shekara 19 da ke son sa kakin bautar ƙasa, tambaya ce da ya kamata ya kai wa makarantar ya samu amsa a rubuce kafin ya shiga. Kowa kuma, ko da bai rubuta jarrabawar JAMB ba, ya tabbatar an shigar da sunansa kundin hukumar, domin ana nemansa a wannan mataki.

Kwasa-kwasan kyauta: me suke saya wa mutum?

Ba sa kai ma'aikacin gwamnati daga matakin albashi na 7 zuwa na 8, domin tsarin aikin gwamnati takardun da hukumomin ƙasa suka amince da su yake dubawa. Amma suna koyar da abin da ake biyan kuɗi a kansa: lissafin shago a Excel, zanen talla, gyaran waya, haɗa sola, tallata kaya a Facebook da WhatsApp. Mai shago a babbar kasuwar Katsina ba zai tambaye ka satifiket ba, zai ce ka nuna masa aikin.

Kalmar "kyauta" tana bukatar lura. Khan Academy kyauta ce gaba ɗaya, kuma tana da amfani ƙwarai ga mai shirin gyara Lissafi. A Alison karatun kyauta ne, takardar ce ta kuɗi. Coursera tana da fom na neman tallafi ga wanda ba zai iya biya ba. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a ƙarshen 2023 yana koyar da fasahar zamani ta haɗa darasin intanet da haɗuwa ido da ido. Akwai kuma Nigeria Learning Passport, da aka ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF, mai darussan firamare da sakandare har da wasu cikin Hausa. An yi shi ne domin yara, amma babban da ya bar makaranta a aji uku na firamare zai amfana da shi. Babban shingen shi ne harshe: kusan duk sauran da Ingilishi suke, kuma da saurin bakin masu shi. Kunna rubutun da ke bin magana a ƙasan bidiyo da rage saurinsa zuwa 0.75 yana taimakawa fiye da yadda ake zato.

Data, caji da sabis

Wannan shi ne kuɗin makarantar da ba a rubuta a takarda ba, kuma ya ƙaru tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Awa ɗaya ta darasin kai-tsaye a Zoom da bidiyo a kunne tana iya cin rabin gigabait zuwa ɗaya. Da murya kaɗai ba ta kai megabait 100 ba. Mai kwas shida, kowanne awa ɗaya a mako, yana da awa 24 a wata: da bidiyo zai haura gigabait 12, da murya kuma biyu da ɗoriya sun ishe shi. A YouTube, sauke ingancin hoto zuwa 360 yana rage cin data sosai, kuma rubutun allo yana karantuwa. Littafi guda bai wuce 'yan megabait ba, shi ya sa wanda ya dogara da littafi ya fi wanda ya dogara da bidiyo tsira da aljihunsa. A sauke komai da dare lokacin garaɓasar data, a karanta da rana data a kashe.

Batirin ajiye caji da aka rubuta wa 10,000 ba ya ba da duka abin da aka rubuta, domin wani kaso yana tafiya wajen juya wutar. Wayar da batirinta 5,000 ne zai cika ta sau ɗaya da ɗan ƙari, ba sau biyu ba. Karanta littafi mai shafi 200 a fuskar waya kuma yana gajiyar da ido, musamman ga wanda ya haura 40. Buga babin da ake kai a takarda ya fi a jure a ƙarshe a daina.

Jihar Katsina tana da darasi na musamman a nan. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, cikinsu har da Batsari, Jibiya, Safana, Faskari da Ƙanƙara, aka shafe watanni a haka. Ɗalibin da littattafansa ke cikin waya ko a takarda ya ci gaba da karatu. Wanda komai nasa ke kan intanet ya tsaya cak.

Wanda bai iya karatu ba fa?

A nan ne ra'ayi ya rabu. Masu goyon bayan waya suna cewa ta riga ta shiga gidajen da malamin yaƙi da jahilci bai taɓa shiga ba, kuma matar da ba za ta fita aji ba tana iya sauraren darasi a ɗakinta. Masu ja da su suna cewa wanda bai san harafi ba ba zai iya buɗe manhaja, ya nemo darasi, ya gane inda ya yi kuskure ba. A wannan gaɓar masu ja sun fi gaskiya. Koyon rubutu yana bukatar wanda zai kama hannu, ya ga an juya "b" ta koma "d", ya gyara nan take. Murya a waya ba ta ganin allo.

Inda wayar ke aiki shi ne idan ta zama mataimakiyar malami. Ajin matan aure na mutum ashirin a islamiyyar unguwa, suna haɗuwa sau uku a mako, malama ta koyar da baƙaƙe biyar, da yamma ta tura muryar bita da hoton allo a zauren WhatsApp. Wadda ba ta da waya ta saurara a ta mijinta ko ta 'yarta, ta kwafa a littafi, ta kawo a duba. Da yawa daga cikinsu sun riga sun iya karanta Alƙur'ani, wasu har da ajami, don haka sun san yadda baƙi da wasali ke haɗuwa, kuma malamar da ta gina a kan wannan ta fi saurin kai su ga boko. Darasin ya fara da abin da suke bukata gobe: karanta saƙon banki, rubuta sunan mai bashi, duba adadin da mai POS ya buga kafin a sa lambar sirri.

Hukumar ilimin manya ta ƙasa, wadda aka kafa a 1990, da takwararta ta jiha su ne ke da alhakin wannan mataki, kuma ta hannunsu ake samun takardar shaidar kammala yaƙi da jahilci da matakin da ke biye da shi. Kuɗin da ake kashewa wajen raba na'urori a taron ƙaddamarwa zai fi amfani idan aka biya malaman waɗannan azuzuwa alawus ɗinsu a kan kari, aka ba kowace malama data ta wata da ƙaramar sola ta caji, domin aji yakan watse ne a watan da malama ta daina zuwa.